Yadda na gyara teburin juyi da ke ɓata mana walda

Kusan sati biyu abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. A wurin aikinmu akwai robot mai walda, gabansa kuma teburin da ake ɗaure ƙarfe a kai, shi ke juya aikin a hankali don bakin walda ya riƙa samun wurin a kwance. To in tebur na tsaye walda sumul, amma da ya fara juyawa sai wuta ta dinga tsinkewa, tartsatsi ko'ina, ɗinkin ya fito da ƙuraje kamar na ɗan koyo.

Na canza bakin tocin walda, na duba gas, na rage gudun wayar walda, har furogiram ɗin na zarga, duk a banza.

Ashe matsalar a ƙarƙashin tebur take. Wutar walda ai sai ta koma inji, kuma tunda tebur juyawa yake ba a maƙala masa waya kai tsaye, wani ɗan dunƙule ne da ake kira burushi, wanda sifirin ke dannawa a jikin faifan teburin, yake karɓar wutar. Wani bawan Allah ya lafta masa giris na gama-gari, wanda ba ya wuce wuta, ga ƙura ta daskare a kai, burushin ma ya cinye. Shi ne wutar ta koma bi ta cikin boris ɗin da teburin ke juyawa a kai, na ma ji ya fara gurnani.

Na kashe wuta, na wanke wurin tas, na sa sabon burushi da giris mai tagulla. Walda ta dawo daidai nan take. Boris ɗin kam ya riga ya ci wuta, shi ma sai da muka canza.