Yadda ake bugun golf ƙwallo ta miƙe, da yadda ake lanƙwasa ta da gangan

Duk wanda ya zo filin da muke atisaye a bayan gari nan Birnin Kebbi da sabuwar jaka a kafaɗa, tun kafin ya sauke ta na san sandar da zai fara zarowa. Babbar nan ce mai ƙaton kai, wadda ake kira direba. Sai ya ɗora ƙwallo a kan ɗan turke, ya ɗaga sanda kamar mai faskare, ya sauke da iya ƙarfinsa. Ƙwallon ta tashi ta hagu kaɗan, can a sama ta karkata dama, ta faɗa gonar mutane. Ni ma haka na fara, kuma na shafe kusan shekara biyu ina aika yara neman ƙwallo cikin karan gero.

To, mayar da direba jaka. Ɗauko ƙarfe, wato sanda mai siririn kan ƙarfe, mai lamba 7, da shi za ka koyi komai. Dokar wasa ta yarda a ɗauki sanduna har 14, amma mai koyo huɗu sun ishe shi, kuma na gwanjo ma sun wadatar. Kuɗin da za ka zuba a sabuwar jaka gara ka sayi tsofaffin ƙwallaye da yawa, don ɓatar da su za ka yi. Duk bayanin da zan yi na mai bugu da dama ne. Bahago sai ya juya komai.

Riƙo

Hannun hagu shi ke sama. Sandar ta kwanta a gindin yatsu, ba a tsakiyar tafi ba. Idan ka duba ƙasa ka ga gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun hagunka, ka riƙe daidai. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, a hannuwan biyu, ta nufi kafaɗarka ta dama. Yawancin masu koyo gaɓa ɗaya suke gani, ko ba ko ɗaya, kuma tun daga nan fuskar sanda, wato gefen kanta da ke taɓa ƙwallo, take buɗewa ta kalli dama, ƙwallo ta kama hanyar dama.

Haɗa hannuwa iri uku ne. Akwai wanda ƙaramin yatsan dama yake hawa kan manuniyar hagu, wanda ake dangantawa da tsohon gwanin wasan nan Harry Vardon. Akwai na sarƙe yatsun biyu, irin na Jack Nicklaus da Tiger Woods. Akwai kuma na yatsu goma duka a kan sanda. Ni sarƙewa nake sa kowa ya yi, ba na son musu a kai. Mutum biyu da suka ci manyan gasa 18 da 15 da wannan riƙo sun ishe ni hujja. Kada ka matse kamar wanda za a ƙwace masa. Da zafin watan Afrilu gumi ne ke sa matsewa, maganinsa kuwa safar hannu ko ɗan tsumma a aljihu.

Tsayuwa da juyi

Ƙafafu su kai faɗin kafaɗu, ka sunkuya daga ƙugu, gwiwoyi a ɗan sake, hannuwa su rataya da kansu. Ƙwallo a tsakiyar ƙafafu ko gaba kaɗan, wato wajen ƙafar hagu. Kwantar da wata sanda a ƙasa ta bi layin yatsun ƙafarka, ka koma baya ka duba inda ta nufa. Za ka sha mamakin inda kake fuskanta alhali kana rantsuwa saiti kake.

Bugun kansa juyin jiki ne. Ka taɓa kallon masunci a Argungu yana watsa komarsa? Ƙugu ke fara tafiya, hannuwa su biyo baya. Juya har bayanka ya kalli inda kake nufi, sannan wajen dawowa nauyi ya fara komawa ƙafar hagu kafin hannuwa su sauko. Ka ƙare cikinka yana kallon saiti, dugadugin dama a sama, ka iya tsayawa haka har ka ƙirga uku. Idan ka yi tangaɗi, ƙarfin ya yi yawa.

Abin da mutane ba sa yarda da shi da wuri shi ne ƙarfe ƙasa yake bugawa, ba sama ba. Kwanciyar fuskar sandar ce ke tayar da ƙwallo. A lamba 7 takan kai digiri 30 zuwa 34. Ƙwallo za ka fara samu, sannan ƙasa. A filin ciyawa mai laushi irin na IBB da ke Abuja, ko ka riga taɓa ƙasa kaɗan za ka tsira. A ƙasarmu ta rani mai taurin daɓe kuwa, sandar za ta yi tsalle ta sari ƙwallon a ciki, hannunka ya yi zugi har gwiwar hannu. Ja layi a ƙasa da tsinke, ka yi ta bugu babu ƙwallo, kana neman sawun sanda ya fara daga layin zuwa gaba. Sau hamsin kullum na mako biyu. Ba ya cin ko sisi.

Inda na ɓata shekara biyu

Ga abin da ya faru da ni. Ƙwallona tana karkata dama, sai na ce bari in fuskanci hagu don ta dawo tsakiya. Ta ƙara karkata. Na ƙara juyawa hagu. Har ta kai ina tsayawa kamar zan buga wa wani gari daban, ƙwallon kuma tana zagaye kamar lauje. Wani dattijo da ya yi aiki a Kaduna ya koyi wasan a can, ya zauna a inuwar darbejiya yana kallona kwana da kwanaki, ran nan ya ce, "Yaro, kai kake ciyar da ciwon nan." Na ce, "Baba, ta yaya?" Ya ce in ajiye sanda in zo in ga zane a ƙasa.

Abubuwa biyu ne ke yanke hukuncin tafiyar ƙwallo: inda fuskar sanda take kallo a daidai lokacin da ta taɓa ta, da hanyar da kan sandar yake bi a wannan lokaci. Ƙwallo takan fara tafiya kusan inda fuska ta kalla. Lanƙwasarta kuma daga bambancin da ke tsakanin fuska da hanya take fitowa. Idan fuska tana dama da hanya, ƙwallo ta lanƙwasa dama. Idan tana hagu da hanya, ta lanƙwasa hagu. Shi ke nan. A da ana koyar da cewa hanya ce ke nuna inda ƙwallo za ta fara, amma na'urorin auna bugu irin su TrackMan sun nuna fuska ce ke da kaso mafi tsoka, musamman da direba.

Ka ga laifina ke nan. Duk juyawar da na yi hagu, hanyar sandata nake ƙara turawa hagu, fuska kuwa tana nan a buɗe saboda riƙona. Tazarar ta ƙaru, lanƙwasa ta ƙaru. Ina gudun gara na faɗa gidan zago.

Gyaran a jere yake, kuma ba a tsallake. Fuska tukuna. Juya hannun hagu har ka ga gaɓoɓi uku, ka yi rabin bugu, hannuwa ba sa wuce ƙugu. Ƙwallon za ta fara tafiya hagu kai tsaye, ko ma ta lanƙwasa hagu. Kada ka firgita ka koma gidan jiya, a nan ne mutane da yawa suke karaya. Wannan mummunan bugun albishir ne: fuska ta rufu, saura hanya. Yanzu ajiye kwalin da babu komai a ciki a wajen ƙwallo, tazarar yatsu uku, ya ɗan ja baya. Idan ka sauko irin na mai faskare, daga waje zuwa ciki, kwalin za ka doka. Don ka kauce masa dole sandar ta zo ta ciki, kusa da jikinka, ta fita waje. Kwali nake cewa, ba bulo ba. Na ga wanda ya sa bulo, sandarsa ta zama biyu. Ni na yi wata guda ina dukan kwalin taliya kafin ya fara tsira.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: inda ƙwallo ta taɓa a fuskar. Shafa alli ko hoda a fuskar direba ka buga. Idan tabon yana kusa da wuyan sanda, ƙwallo za ta karkata dama ko da komai naka daidai ne. Idan yana can bakin, za ta karkata hagu. Sau da yawa mutum yana ta sauya bugunsa, alhali tsayuwarsa ce ta matso ko ta yi nisa.

Lanƙwasa da gangan

Wanda ya gane zanen dattijon nan ya riga ya iya rabin wannan. Kana son ƙwallo ta fara dama ta dawo hagu a hankali, abin da 'yan wasa ke kira diro? Fuska ta kalli dama da saiti kaɗan, hanya ta fi ta zuwa dama. A ce hanya digiri 4, fuska digiri 2. Ba za ka auna da ido ba, don haka ka jera ƙafafu da kafaɗu zuwa dama, ka sa fuska tsakanin layin ƙafafunka da saiti, ka ja ƙwallo baya kaɗan, ka bi layin ƙafafu da bugu. Kuskuren da aka saba shi ne a sa fuska ta kalli saiti sak. Sai ƙwallo ta fara daga saiti ta wuce hagu.

Akasinsa shi ne fed: jiki hagu, fuska tsakanin jiki da saiti, ƙwallo gaba kaɗan. Diro ya fi gangarawa bayan ya sauka, kuma a busasshiyar ƙasa gangarawar nan ba ta da birki. Fed ya fi tashi sama ya tsaya kusa. Nicklaus da Lee Trevino da shi suka yi suna, Ben Hogan ma sai da ya rabu da lanƙwasar hagu ya koma gare shi. Ni dai shawarata, zaɓi ɗaya ka zauna a kai shekara guda. Bugun da Bubba Watson ya murɗo daga cikin itatuwa a rami na 10 ya ci gasar Masters ta 2012 yana da daɗin kallo a waya, amma ba da shi ake fara koyo ba. Kuma ka sani sanda mai kwantacciyar fuska ta fi wuyar lanƙwasawa. Lamba 5 ko 6, da fuskarta ba ta kai ta 7 kwanciya ba, ta fi nuna maka abin da ka yi.

Sai iskar hunturu, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta barin mu. Idan tana fuskarka, lanƙwasar da ka yi kaɗan za ta ninka ta. Kada ka ƙara ƙarfi, ƙarfi juyi yake ƙara wa ƙwallo ta hau sama ta tsaya cak. Ɗauki lamba 5 inda ka saba 7, sauko da riƙo ƙasa kaɗan, ƙwallo baya, nauyi a hagu, ka yi kashi uku cikin huɗu na bugu ka ƙare hannuwa a ƙasa. Don bugun sama kuwa ƙwallo gaba, ka ƙare a sama, ba wani dogon zance.

Direba sai bayan ƙwallo bakwai cikin goma na lamba 7 sun fara lanƙwasa gefen da ka faɗa da bakinka kafin ka buga. Ƙwallo a saitin dugadugin hagu, rabinta ta leƙo saman kan sanda, kafaɗar dama ƙasa kaɗan. Kafin ka ɗaga, duba filin da kyau: ƙwallon ba ta kai giram 46 ba amma tana fasa kai, kuma da la'asar yara masu kiwo sukan ratso da awaki ta gefen dama.