Yadda za ka shirya wa tambayoyin al'amuran yau da kullum a jarrabawar shiga aikin gwamnati a Sudan

Wata rana bayan la'asar na zauna da matasa uku a ƙofar gida a nan Gadarif, dukkansu sun gama jami'a, suna jiran ranar da Hukumar Zaɓen Ma'aikatan Gwamnati ta Ƙasa, wadda muke kira Mufawwadiyyatul Ikhtiyar, za ta buɗe gurabe. Na ce bari mu yi gwajin mu'ayana, wato ganawar baki da baki da ake yi bayan rubutacciyar jarrabawa. Na tambayi na farko yawan ruwan da madatsar Nahda ta Habasha ke ɗauka. Kafin in rufe baki ya ce kubik mita biliyan 74. Na ce madalla, to me wannan ruwa zai yi wa mai noman bakin kogi a Mai Wurno, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da aka gina madatsar a kansa? Sai ya yi shiru. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron ɗan bakin kogin ne, kakanninsa a can suka yi noma, amsar tana cikin gidansu, amma bai taɓa haɗa lambar da ya haddace da gonar da ya sani ba. Wannan haɗin shi ne abin da nake so ka koya, ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, kafin ranar ta zo.

Fara da samun daftari mai kauri guda ɗaya, ka raba shi uku: muhalli, tattalin arziki, fasaha. Duk labarin da zai shiga ciki sai ya amsa tambayoyi biyar: me ya faru, yaushe, nawa ne adadinsa, me ya jawo shi, kuma ina ya taɓa Sudan. Wanda bai amsa ta biyar ba, ajiye shi gefe tukuna. Sannan ka tuna da Larabci za a tambaye ka. Mu da muka tashi da Hausa a gida, da ita muke fahimtar abu har cikin zuciya, saboda haka ka bayyana wa kanka batun da Hausa, amma ka rubuta kalmarsa ta Larabci a gefen shafi. Hauhawar farashi ita ce tadakhkhum, kasafin kuɗi muwazana, kwararowar hamada tasahhur, farashin canji si'irus sarf. Na ga mutumin da ya san batu sarai ya rasa maki don kalmar ta ɓace masa a gaban masu tambaya.

Daga nan sai ka gangara kogi, ka daɗe a can, domin a Sudan Nilu ne uwar tambayoyi. Shimfiɗa madatsunmu bisa shekarunsu: Sinnar 1925, Jabal Auliya 1937, Hashmul Girba 1964, Rusairis 1966, Marawi 2009. Kada ka bar su tsirara, kowace ka rataya mata dalilinta. An gina ta Sinnar ne don shayar da aikin noman Jazira, shi ya sa shekararsu ɗaya. Hashmul Girba ta zo ne don mutanen Wadi Halfa da aka tayar lokacin da babbar madatsar Aswan ta cinye garinsu, aka kai su Sabuwar Halfa. Marawi ta wutar lantarki ce, megawat 1,250. Rusairis kuwa an ƙara mata tsawon mita 10, aka kammala a 2013. A kan waɗannan sai ka ɗora yarjejeniyar rabon ruwa ta 1959, wadda ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5, Sudan kuma 18.5, ba tare da an sa Habasha a ciki ba, alhali sama da kashi 80 cikin 100 na ruwan daga tsaunukanta yake gangarowa. Idan ka riƙe wannan jimlar, ka riƙe tushen duk gardamar da ta biyo baya.

Yanzu ne madatsar Nahda za ta zauna maka daidai. An aza harsashinta a Afrilun 2011, shugabannin ƙasashe uku suka sa hannu kan sanarwar ƙa'idoji a Hartum a Maris na 2015, aka fara cika ta a Yulin 2020, aka ƙaddamar da ita a Satumban 2025, ƙarfinta megawat 5,150. To ina amsar da yarona ya rasa? Madatsar tana tare ruwan damina ta riƙa sakinsa sannu a hankali tsawon shekara. Alherinsa a bayyane yake: ambaliya za ta ragu, injinan Rusairis za su samu ruwa har da rani, laka ba za ta riƙa toshe magudanan Jazira kamar da ba. Amma wannan lakar ita ce takin mai noman juruf, wato noman gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, ita ce kuma jarin mai buga jan bulo. Ruwan da ba ya hawa ya sauka ba zai bar masa danshi da sabuwar ƙasa ba. Ga kuma kusanci: Rusairis tana kimanin kilomita 100 ne a ƙasa da Nahda, shi ya sa Sudan ta nace kan musayar bayanai a kullum da yarjejeniya mai ɗaure kowa. A cikawar farko ta 2020 ruwa ya ja baya har wasu tashoshin ruwan sha na Hartum suka tsaya. Amsa mai faɗin riba, ta faɗi asara, ta kawo misali, ita ce amsar ma'aikaci.

A ƙarshen wannan sashe ka ƙara shafi na bala'o'i. Ambaliyar 2020 ta kai aka ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku, kuma a Agustan 2024 madatsar Arba'at, wadda Bur Sudan ke sha daga gare ta, ta ɓalle.

Mataki na gaba, bar kogi ka shiga daji, ka nemi bishiya ɗaya ka bi ta har kasuwar duniya. Ni dakwara nake zaɓa, wadda Larabawa ke kira hashab. Daga jikinta ake samun ƙaro, kuma Sudan ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi a lemon kwalba, alewa da magunguna. Saiwarta tana riƙe ƙasa, tana kuma ƙara mata ƙarfi, don haka belin ƙaro da ya ratsa Kordofan, Darfur, Sinnar da Gadarif katanga ce tsakaninmu da hamada. Wanda ya sare ta don gawayi ya ci kuɗin yini ɗaya, ya kashe kuɗin shekaru. Daga nan hanya a buɗe take zuwa shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, kuma Sudan tana cikin ƙasashen. Ka ga bishiya ɗaya ta cika maka shafi a muhalli da shafi a tattalin arziki.

Haka za ka yi wa zinariya. Mafi yawan wadda ake haƙowa a ƙasar nan daga hannun masu haƙar gargajiya take fitowa, kuma da zaiba suke tace ta. Zaiba tana shiga ruwa da ƙasa da jikin mutum, ita ce dalilin yarjejeniyar Minamata ta 2013.

Sai tattalin arziki, inda na fi ganin ɗalibai na ruɗewa saboda lambobi sun yi yawa kuma kullum suna sauyawa. Maganinsa shi ne ka ɗaure shi a sarƙa ɗaya. A ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. Dalar da ke shigowa ta ragu, alhali alkama da magani da mai duk da dala ake sayo su. Gwamnati ta riƙa cike giɓin kasafi da kuɗin Babban Banki, kuɗi suka yi yawa a hannu kaya ba su ƙaru ba, farashi ya tashi, jine, wato kuɗin Sudan, ya faɗi. Amurka ta ɗage takunkumin da ta sa tun 1997 a Oktoban 2017, ta cire Sudan daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Disamban 2020. A Fabrairun 2021 aka haɗe farashin canji na hukuma da na kasuwa, dala ta tashi daga jine 55 a hukumance zuwa wajen 375. A Yunin shekarar Sudan ta shiga shirin yafe bashi na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, kan bashin da ya haura dala biliyan 50, a Yuli kuma hauhawar farashi ta zarce kashi 400 cikin 100. Bayan juyin mulkin soja na 25 ga Oktoban 2021 shirin yafe bashin ya tsaya, sannan yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ya durƙusar da masana'antun Hartum Bahri da noman Jazira. Karanta sarƙar nan da babbar murya har sai ka iya faɗin yadda kowace gaɓa ta haifi mai bi mata ba tare da duba daftari ba.

Mu 'yan Gadarif muna da gata a nan, domin kasuwar amfanin gona tana gabanmu. Je ka zauna da dillali yini guda a lokacin kakar riɗi. Tambaye shi me ya sa farashi ke motsi idan dala ta motsa, me ya sa manomi ke karɓar bashin salam daga banki tun kafin shuka ya biya da dawa bayan girbi. Abin da za ka ji a can ya fi zama a kai fiye da shafi goma, kuma zai sa ka iya bambance salam da murabaha da musharaka, waɗanda su ne harshen bankunan ƙasar nan.

Fasaha kuma daga aljihunka za ka fara. Da yaƙi ya rufe bankunan Hartum, takardar kuɗi ta yi wuya, manhajar Bankak ce ta zama kasuwa, da ita ake sayen tumatir, da ita ɗan'uwa a Jidda ko Riyad ke aiko da na cefane. A Fabrairun 2024 layukan Zain, MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, nan take ciniki da aike suka tsaya, mutane suka koma biyan kuɗi su hau intanet ta Starlink. A Disamban 2024 aka fara sauya manyan takardun kuɗi, aka bukaci mutane su zuba tsofaffin a asusun banki. Tambayi kanka tambayoyin da za a iya yi maka: me ake nufi da shigar da kowa cikin tsarin banki, wane haɗari ke cikin dogaro da manhaja ɗaya, ta yaya ma'aikata za ta kare bayanan jama'a idan gininta ya ƙone. Kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira azzaka'ul istina'i, ya ishe ka ka iya bayyana ta a jimla biyu, ka san ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, kuma Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta na nahiya a 2024. Tauraron ɗan'adam na farko na Sudan an harba shi daga Sin a Nuwamban 2019.

Tarukan duniya shafi ɗaya ya wadatar: yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi 2015, asusun asara da ɓarnar sauyin yanayi a Sharmush Shaikh 2022, alƙawarin dala biliyan 300 a shekara ga ƙasashe masu tasowa don sauyin yanayi a Baku 2024, taron yaƙi da hamada a Riyad a Disamban 2024, da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da aka sa wa hannu a Kigali a 2018.

Game da inda za ka riƙa samun sabon labari, rabin sa'a a kullum ya isa. Saurari rediyo da safe, ka duba kamfanin dillancin labarai na SUNA da sanarwar Babban Bankin Sudan, ka kwatanta da abin da sassan Hausa na gidajen rediyon waje suka faɗa. Lambar da ta zo maka ta WhatsApp kada ta shiga daftari sai ka gan ta a wuri na biyu. Kowace lamba ka rubuta watanta da shekararta a gefe, da fensir, domin farashin canji da hauhawar farashi ba sa kwana wuri ɗaya. A gaban masu tambaya ma haka za ka faɗe ta, ka ce a wata kaza ta kai kaza.

Abin da ya rage shi ne baki. Samu abokai biyu ko uku, maza da nasu zama, mata da nasu idan hakan ya fi sauƙi, ku haɗu sau biyu a mako. Ɗaya ya zama mai tambaya, ya ba da minti biyu, a amsa da Larabcin fusha, wato daidaitaccen Larabci: ma'anar abu, lamba ɗaya, dalili, tasiri a kan Sudan, shawara ɗaya. Ku ɗauki muryarku a waya ku saurara. Idan tambaya ta taɓa yaƙi, kuma dukkanmu yaƙin nan ya taɓa mu, wasu sun bar gidajensu a Madani ko Sinja, ka amsa a matsayin wanda za a damƙa wa hidimar kowa da kowa: faɗi abin da ya lalace, faɗi abin da za a fara gyarawa, da dalilin da ya sa shi ne na farko.

Mako ɗaya kafin jarrabawa ka daina ƙara sabon abu. Bi daftarin daga farko, ka goge lambobin fensir da suka tsufa ka sa na yanzu, ka haɗa shaidar jami'a da lambar ɗan ƙasa da hotunanka a jaka ɗaya, ka kuma je ka ga wurin jarrabawar da idonka tun ana jibi, don ka san motar da za ka hau da ƙarfe nawa za ka fita.