Yadda za ku ga ci gaban aiki idan sha256sum na tantance fayilolin ajiya

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa sa sha256sum (manhajar da ke fitar wa kowane fayil lambar tantancewa, don a gane ko ya canza ko ya lalace) ya bi ta kan dubban fayilolin ajiya ya san zaman jiran nan: baƙin allo, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, sai ƙiftawar fitilar faifai. Ba ka san saura minti biyar ba ne ko awa uku.

Abin da ya raba ni da wannan shi ne pv, wata 'yar manhaja da ke nuna ci gaban bayanan da ke bi ta cikinta. A Ubuntu ko Debian, sudo apt install pv. Sai ku shiga jakar ajiyar ku rubuta:

find . -type f -print0 | xargs -0 sha256sum | pv -l -s $(find . -type f | wc -l) > ../jeri.sha256

Kowane fayil da aka gama, layi ɗaya ke fitowa. To -l na sa pv ya ƙirga layuka, -s kuma na gaya masa jimillar, sai ya nuna kashi nawa cikin 100 aka yi. Ku lura na ajiye jerin a wajen jakar, don kada shi ma a haɗa da shi.

Amma fa fayiloli yake ƙirgawa, ba nauyinsu ba. Idan ya iso kan ƙaton fayil mai gigabait 80, sandar da ke nuna ci gaban za ta tsaya cak, kada ku kashe shi, aiki yake yi. Irin wannan ni ware shi nake yi: pv babba.tar | sha256sum. Sai dai a gurbin sunan fayil ɗin za ku ga alamar -, ku gyara da hannu kafin ranar dubawa da sha256sum -c.