Kurakuran da Muke Yi Wajen Jinyar Tsofaffi a Gida da Yadda Za a Gyara Su

A Katsina, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, tsoho a ɗakinsa yake jinya, a hannun 'ya'yansa da surukai da jikoki, kuma ba kasafai ake kai shi asibiti ba sai abin ya ci tura. Wannan riƙo abin yabo ne, domin babu dattijon da ke son ya ƙarasa kwanakinsa a hannun baƙi. Sai dai mafi yawan masu jinyar babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake juya majinyaci ko yadda ake ba shi abinci, saboda haka da kyakkyawar niyya suke aikata abubuwan da ke ƙara masa ciwo. Idan aka bi diddigin kurakuran, za a tarar kusan dukkansu daga maganganu biyu suke fitowa, wato "a bar shi ya huta" da "ai tsufa ne".

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne barin tsoho a kwance da sunan hutu. Dattijon da zazzaɓi ya kwantar na mako ɗaya ko biyu, idan ba a riƙa tayar da shi ba, naman ƙafafunsa yana saki da sauri, gaɓoɓinsa su ƙage, majina ta taru a ƙirjinsa, har ya kasance zazzaɓin ya tafi amma tafiya ta gagara. Muddin likita bai hana ba, a zaunar da shi a kujera sau biyu ko uku a rana, a kama shi ya taka zuwa bakin ƙofa, gobe zuwa tsakar gida, jibi zuwa zaure inda zai ga jama'a su gaisa. Duk abin da zai iya yi da hannunsa, kamar riƙe kofi ko saka hula ko alwala, a bar masa kayansa ko da zai ɗauki lokaci, domin duk aikin da aka karɓe masa yau da wuya ya sake iya shi.

Wanda kuwa ba ya iya tashi ko kaɗan, babban abin tsoro a kansa shi ne gyambon kwanciya. Nauyin jiki yana danne nama a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa tun daga ciki kafin fata ta fashe. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya daidai saman ɗuwawu, da kwatangwalo, da dunduniya, da allon kafaɗa, da gwiwar hannu, da ƙeya. Ƙa'idar ma'aikatan jinya ita ce a sauya masa kwanciya duk bayan awa 2, dama, baya, hagu, a tokare shi da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinsa, wani kuma ƙarƙashin ƙwaurinsa yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Wasu gidajen sun ɗaure juyin da lokutan salla don kada a manta, dabara ce mai kyau, amma tazarar da ke tsakanin asuba da azahar, da wadda ke tsakanin lisha da asuba, ta yi tsawon da gyambo zai iya somawa a cikinta, don haka sai an ƙara juyi a tsakani.

A fatar baƙin mutum ba a ganin jan da ke nuna gyambo ya soma. Abin da za a nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya yi ɗumi, ko tauri, kuma sai a cikin haske ake duba shi, kullum, lokacin wanka. Idan an same shi kada a murza, domin murzar tana ƙara yaga naman da ya riga ya raunana. A ɗauke masa nauyi gaba ɗaya. Idan ya fashe, a guji barbaɗa toka ko garin kafso ko sassaƙe, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a rufe da bandeji mai tsabta, a nemo ma'aikacin jinya ya gani. Shimfiɗa leda kai tsaye ƙarƙashin jiki shi ma kuskure ne, musamman da bazara, saboda zufa da fitsari suna jiƙa fata su sa ta saɓule. A ɗora zanen auduga a kan ledar, a miƙar da shi kada ya tattare, a sauya ƙunzugu da zarar ya jiƙe.

Akwai wani abu a nan da ba a cika faɗa ba, wato kunya. Sau da yawa matar ɗa ce ke wuni da tsohon, ita kuwa ba za ta iya buɗe bayan surukinta ta duba ba, shi ma ba zai yarda ba, 'ya'yansa maza kuma sai dai su leƙo da safe su ce, "Baba, ya ƙarfin jiki?" ya ce da sauƙi, su wuce kasuwa. Haka gyambo zai yi ta ci har sai wari ya tona shi. Dole a keɓe ɗa namiji ko ƙane wanda wankan uban da duba jikinsa ya rataya a wuyansa, uwa kuma a keɓe mata 'ya ko ƙanwa, a rufe ƙofa, a lulluɓe inda ba a wankewa, a kuma gaya wa majinyacin abin da za a yi kafin a taɓa shi.

Wajen ɗagawa, kada a ja shi ta hammata ko ta hannu, ballantana hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa. A shimfiɗa zane mai ƙarfi ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga tare.

Ba da abinci a kwance kuskure ne da ya yi ajalin tsofaffi da dama ba tare da iyalansu sun gane dalili ba. Za ka ga jika ta tallafo kan kakarta kaɗan, ta kafa mata kofi a baki tana cewa, "Inna, daure ki ƙara kurɓa ɗaya," tsohuwar ta ƙware, ta yi tari har idanunta su kawo ruwa, a bubbuga bayanta a ci gaba. Abin da ya sa ta tarin shi ne kunun ya bi hanyar iska, kuma idan hakan ya yawaita, bayan 'yan kwanaki sai numfashi ya yi sama-sama, namoniya ta kama huhu. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin haɗiyarsa ta raunana. A zaunar da majinyaci sosai, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, sannan a bar shi a zaune na aƙalla minti 30 bayan ya gama. Abu mai ruwa-ruwa ya fi saurin ƙware mutum, don haka kunu mai kauri ya fi tsinkakke aminci. A duba kuncin ɓarin da ya shanye, saboda abinci yana maƙalewa a can, a goge baki da asuwaki ko buroshi safe da dare ko da babu haƙori ko ɗaya. Ɗura kuwa, ko ba da ruwa ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, kada a kuskura.

Koko da shayi kaɗai ba sa riƙe jiki, kuma gyambo ba ya warkewa a jikin da ba ya samun abinci mai gina shi. Alala, da ƙwai, da kindirmo, da kunun gyaɗa, da kifin da aka cire wa ƙaya, da faten wake da ya nuna luguf, duk suna taunuwa ga marar haƙori. Mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙulen miya da kanwa, a ƙara daddawa da kayan ƙamshi don kada abincin ya yi lami ya ƙi ci.

Tsufa yana dusashe jin ƙishirwa, saboda haka jiran tsoho ya nemi ruwa da kansa kuskure ne, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina da Daura ke haura digiri 40. Mafi muni shi ne rage masa ruwa da gangan don kada ya jiƙa shimfiɗa. Ƙarancin ruwa yana kawo jiri, da taurin bayan gida, da ruɗewa, kuma yana taɓa ƙoda. A riƙa miƙa masa kaɗan-kaɗan tun safe, a sassauta bayan magariba, a lura da fitsarinsa: idan ya yi duhu kuma ya ragu, ruwan bai isa ba. Sai dai mai ciwon zuciya ko ƙoda wanda likita ya ƙayyade wa ruwa, wannan a tsaya a kan abin da aka ƙayyade. Tsofaffi da yawa suna nacewa kan azumi alhali jikinsu ba zai ɗauka ba, kuma a ganina maganar malamin da suke girmamawa ta fi ta 'ya'yansu tasiri wajen tuna musu rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya da wanda tsufa ya raunana, kamar yadda ta yarje musu taimama da salla a zaune ko a kishingiɗe.

A sha'anin magani, kuskuren da aka fi yi shi ne dakatar da ƙwayar hawan jini da zarar an ji sauƙi. Hawan jini ba ya warkewa don awo ya sauko ƙasa da 140/90. Maganin ne ya saukar da shi, kuma ranar da aka bari zai koma, wani lokaci ya dawo da shanyewar jiki. Na biyu shi ne haɗin ciwon jiki da ake sayowa a kemis. Magunguna irin su diklofenak da aibufurofen da firoksikam, idan tsoho ya daɗe yana shan su, suna iya tsaga masa ciki har ya riƙa bayan gida baƙi, su lalata ƙoda, su kuma tayar da hawan jinin. Farasitamol ya fi su aminci a bisa adadin da likita ya faɗa. Mai shan maganin suga irin su Daonil, idan bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa, ya yi zufa da karkarwa da sambatu. Idan yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take, sannan a tafi asibiti. Duk ranar ganin likita a tattara dukkan abin da yake sha a leda guda, har da jiƙo da garin gargajiya, a ajiye a kan tebur ba tare da ɓoye komai ba.

Maganar "ai tsufa ne" ta fi yin ɓarna a wajen ruɗewa. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Amma tsohuwar da jiya ta lissafa jikokinta da sunayensu, yau kuma ta tashi ba ta gane ɗakinta, tana fizge-fizge ko tana barcin da ba ta saba ba, wannan ciwo ne ya shige ta, kuma yawanci mai magani ne: cutar mafitsara, ko namoniya, ko zazzaɓin cizon sauro, ko faɗuwar suga, ko ƙarancin ruwa, ko wani sabon magani. Jikin tsoho yana iya ɗauke da cuta mai tsanani ba tare da ya yi zafi ba. A yi addu'a da tofi, amma a kama hanyar asibiti a ranar, kada a ɗaure ta a gado, kada kuma a ba ta maganin barci. Haka nan idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya karye farat ɗaya, ko namiji ya kasa fitsari mararsa ta kumbura, ba a jiran wayewar gari. Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina, da asibitin gwamnati da ke Daura ga na wancan yanki, nan ne wuraren nufa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. A gidajenmu, musamman tsofaffin gidajen cikin birni, wuraren faɗuwar sanannu ne: dokin ƙofa mai tudu, da bakin tabarma da ya naɗe, da santsin makewayi, da tsugunon masai, da duhun dare idan an ɗauke wuta. A ajiye tocila da fo kusa da gado, a sami kafinta ya huda kujera a ɗora ta a kan masai, a kafa ƙarfen kamawa a bango, a sauya silifas ɗin da ya suɗe. A koya masa ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙe, domin jirin tashi farat ɗaya yana yawan kayar da masu shan maganin hawan jini. Idan ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, mai yiwuwa ƙashin kwatangwalo ne ya karye. Wannan karaya tana can cikin nama inda karan ɗori ba ya kamawa, don haka a fara ɗaukar hoton ƙashin a asibiti, domin sau da yawa sai an yi tiyata.

Da sanyin hunturu, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo da safa. Mai ciwon suga kada ya kanga ƙafarsa a wuta, kada kuma a yi masa gashi da ruwan zafi, saboda ƙafar tana iya ƙonewa bai ji ba. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu, bayan wanka a shafe fata da man kaɗe, amma ban da tsakanin yatsun ƙafa, wanda ake so ya zauna a bushe.

Kuskuren da ke haifar da sauran da yawa shi ne jibga wa mutum ɗaya jinyar baki ɗaya. Matar da ke girki da renon yara ba za ta iya tashi juyin dare kullum ba, kuma idan gajiya ta cinye ta, juyin zai ragu, tsawa ta ƙaru, laifin kuwa na waɗanda suka bar ta ita kaɗai ne. 'Yan'uwa su zauna su raba kwana, na nesa da ke Abuja ko Legas su ɗauki kuɗin magani da ƙunzugu da ladan mai taimako. A ajiye littafi a ɗakin, duk wanda ya karɓi jinya ya rubuta lokacin da aka juya majinyaci, da maganin da ya sha, da abin da ya ci, da ranar da ya yi bayan gida, kuma a tafi da littafin duk ranar da za a ga likita.