Darasi na Tara: Ciwon Suga da Ido

A unguwanninmu na Makka da Jidda, da wuya ka shiga gida ka rasa mai ciwon suga. Kowa ya san yana taɓa ƙafa da ƙoda. Ido ne ake mantawa da shi, domin ɓarnar da suga yake yi a cikinsa ba ta zafi, ba ta ƙaiƙayi, idon ma ba ya ja. Mutum zai yi shekaru yana karatun Alƙur'ani garau, alhali jijiyoyin bayan idonsa sun fara yoyo.

Inda ɓarnar take

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai ɗaukar hoton duk abin da muke kallo. A asibitocin nan za ku ji likita ya ce masa shabakiyya. Jijiyoyin jini da ke ciyar da shi sun fi gashi sirantaka. Idan suga ya daɗe a sama, bangonsu yakan yi rauni: wasu su kumbura su riƙa ɗigar da ruwa da jini, wasu su toshe. Wurin da jini ya daina isa sai ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, masu saurin fashewa. Ran da ɗaya ta fashe, mutum ya wayi gari yana ganin baƙin zare ko hayaƙi yana yawo a gabansa. Tabon da suke bari kuma yakan ja tantanin har ya ɓanɓaro shi daga mazauninsa.

Akwai ɗan wuri a tsakiyar tantanin wanda da shi ake karatu, ake gane fuska. Idan ruwa ya taru a nan, mai ɗinki za ta kasa zura zare a allura, ta ga layin rubutu ya lanƙwashe, amma tana ganin hanya. Sau da yawa sai ta ce tsufa ne, ta sayi tabarau a kanti. Tabarau ba ya maganin wannan.

Yanar ido ma takan zo wa mai suga da wuri, haka hawan jinin ido. Hazon da ke zuwa yana tafiya kuwa, yawanci hawa da saukar suga ne, saboda haka kada a gwada sabon tabarau sai suga ya daidaita na wasu makonni.

Dubin bayan ido

Wanda suga ya kama da girma, a duba masa bayan ido da zarar an gano cutar, domin ta yiwu ta daɗe a jiki ba a sani ba. Wanda ya fara tun yana yaro, mai allurar insulin, a duba cikin shekara 5 da farawa. Daga nan sau ɗaya kowace shekara, ko da gani lafiya lau yake. Mai suga da ta sami juna biyu, a duba ta cikin wata ukun farko, don ciki yana iya hanzarta ɓarnar.

Karanta haruffa a allo bai wadatar ba. Ku faɗa wa likitan mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, cewa dubin shabakiyya kuke so. Za a ɗiga magani mai buɗe ƙwayar ido, a jira minti 20 zuwa 30, sannan a haska ciki ko a ɗauki hoto. Bayan haka gani zai yi dishi-dishi na awa 4 zuwa 6. Wanda ya fito daga ɗakin likita ya ci karo da ranar azahar ta Jidda, hawaye zai yi ta zubo masa. Ku tafi da baƙin tabarau da ɗan rakiya, kuma kada ku tuƙa mota.

Magani

Na farko yana hannunku. Gwajin jinin da ake kira tarakumi yana nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku. Ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da 7. A na'urar awon suga ta gida, kafin karin kumallo 80 zuwa 130, awa biyu bayan cin abinci ƙasa da 180. Awon hawan jini kada ya kai 130 bisa 80. Shayi mai zaƙi kofi bayan kofi, tulin shinkafar kabsa, da dabinon da ake ci ba lissafi, su ne suka fi kayar da mutanenmu.

Idan tsakiyar tantanin ta kumbura, allura ake yi a farin ido. Jin sunanta kawai yana sa mutane gudu, kuma wannan gudun ya jawo wa da yawa asarar gani. Ana kashe zafin wurin da maganin ɗigawa, a wanke, allurar kanta ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Magungunan da aka fi sani su ne Avastin da Lucentis da Eylea. Da farko wata-wata ake yi, daga baya a riƙa tsawaita tazara. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga sauƙi bayan allura biyu ya daina zuwa, ruwan ya dawo. In bayan allura zafi yana ƙaruwa, ido ya yi jawur, gani yana raguwa, a koma asibiti a ranar, don ƙwayar cuta ce mai yiwuwa ta shiga.

Sababbin jijiyoyin nan kuma hasken leza ake sa musu. Likita zai yi ɗigo-ɗigo sama da 1,000 a gefen tantanin, a zama biyu ko uku. Leza ba ta dawo da ganin da ya tafi, tana tsare wanda ya rage ne, kuma tana rage haɗarin makanta da fiye da rabi. Ganin dare da na gefe yakan ɗan ragu. Zuma da kwalli da sauran abin da ake ɗurawa a ido ba sa isa inda ciwon yake. Mai maganin ɗigawa na hawan jinin ido kada ya ajiye shi saboda azumi. Ya tambayi likita da malami yadda zai tsara lokacinsa.

Idan jini ya cika ido ya ƙi washewa, ko tantanin ya ɓanɓaru, sai tiyata. Ana zuƙe ruwa mai kauri da ke cikin ƙwayar idon, wani lokaci a cika gurbin da iskar gas ko wani mai na musamman don danne tantanin. Likita zai faɗi yadda za a riƙe kai, wataƙila a kife na wasu kwanaki, da lokacin da za a koma yin sujada. Gas ɗin yakan yi mako 2 zuwa 8 kafin ya ɓace, kuma yana kumbura idan an hau sama. Muddin yana ciki, ba a shiga jirgin sama zuwa Kano ko ko'ina, ba a kuma hawa dutsen Ɗa'if ta hanyar Hada, sai likita ya duba ya ce iskar ta ƙare.