Yadda za ka je koyon noman famakalca a Auroville, ka dawo da abin da zai yi aiki a gonarka

Kafin ka tambayi kuɗin jirgi, ka nemo abu biyu game da garinku: yawan ruwan saman da ke sauka a shekara, da watannin da yake sauka. Da su za ka zaɓi inda za ka je. Samari da yawa suna ɗokin gonakin Turai, inda ake yayyafi kusan duk shekara kuma rana ba ta ƙona shuka, alhali yawancin abin da za a koya musu a can ba zai yi aiki a ƙasar da ke shafe wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa ba. Ni garin Auroville da ke kudancin Indiya na zaɓa, domin ruwansu irin namu ne wajen hali: ya sauko da ƙarfi cikin 'yan watanni, ya kwashe ƙasar sama, ya bar ka da zafi da ƙura.

Famakalca tsarin noma ne da wasu 'yan Ostireliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka tsara a shekarun 1970, littafinsu na farko ya fito a 1978. Gundarinsa shi ne ka tsara gona yadda daji ke tsara kansa: itatuwa da kayan lambu da dabbobi da ruwa kowanne yana ciyar da wani, sharar wannan ta zama abincin wancan. Ana koyar da shi a kwas na awa 72 mai takardar shaida, amma kwas daban, zama a gona daban. Abin da nake magana a kai shi ne ka je ka zauna wata biyu ko uku cikin mutanen da suka haɗu da gangan don su yi rayuwa tare, ka ci abin da suke ci, ka yi aikin da suke yi.

Auroville irin wannan gari ne. An kafa shi ranar 28 ga Fabrairu, 1968, a jihar Tamil Nadu, kusa da birnin Puducherry, kuma mazaunansa sun fito daga ƙasashe sama da 50. Lokacin da aka fara, wurin fako ne na jan marmara wanda zaizaya ta tsattsaga da kwazazzabai. Yau daji ne. A cikinsa akwai gonaki da dama masu karɓar masu koyo. Inda na zauna shi ne Sadhana Forest, wanda Aviram da Yorit Rozin suka fara a 2003 a kan eka 70 na ƙasar da ta mutu, da nufin dawo da asalin dajin yankin. Akwai kuma Solitude Farm ta Krishna McKenzie, inda ƙarfin aikin yake kan kayan abincin gargajiya na Tamil, da Pebble Garden, inda aka gina ƙasar noma a kan tsakuwa da ganyen itatuwan wurin kaɗai, ba tare da an shigo da ƙasa ko taki daga waje ba. In lambun kayan miya ne damuwarka, waɗannan biyun sun fi dacewa da kai. In ruwa da zaizaya ne, ka nufi Sadhana.

Wata shawara ga mutanen arewacin Katsina da Daura da Maraɗi: yankin Puducherry yana samun ruwa sama da milimita 1,000 a shekara, kusan ninkin abin da Maraɗi ke samu. Sadhana tana da reshe a Samburu ta ƙasar Kenya tun 2014, cikin makiyaya, a busasshiyar ƙasa. Wanda gonarsa ke jigawa ya duba can tukuna, ga shi kuma ya fi kusa.

Ka rubuta wa masu gonar da ka zaɓa da wuri, wata uku ko huɗu kafin lokacin. Wasiƙar ta zama gajera kuma ta gaskiya: ko kai wane ne, me ka iya yi da hannunka, me kake son koya, tsawon lokacin da za ka zauna. In ka taɓa yin kunya da garma ko kiwon awaki, ka faɗa, ya fi digiri daraja a wurinsu. Sannan ka yi tambayoyin da ke raba wurin koyo da wurin da ke neman lebura kyauta: awa nawa ake aiki a mako, wa zai riƙa koyar da kai, nawa ne kuɗin abinci, a ina za ka kwana, mene ne mafi ƙarancin kwanakin da suke karɓa. A Sadhana ba a biyan kuɗin kwana, kuɗin abinci kawai ake bayarwa, amma adadin yana sauyawa, don haka ka sa su rubuto maka shi. Ka tambaye su kuma irin bizar da ta dace, ka nemi takardar gayyata, ka kai ofishin jakadancin Indiya. Kada ka bari ɗan kamasho ya cike maka takarda da dalilin tafiya na ƙarya. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar, in babu shi ana iya killace ka a filin jirgi. A Chennai za ka sauka, daga nan tafiyar awa uku zuwa huɗu ce a mota.

Lokacin zuwa ya fi komai muhimmanci. Babbar daminarsu daga Oktoba zuwa Disamba take, kuma a lokacin ake dashe. Ka isa a Satumba, ka yi aikin haƙa kafin ruwa, sannan ka tsaya ka ga abin da ruwan zai yi wa abin da ka haƙa. Wannan lokacin ya zo daidai da kaka a gida, na sani, sai ka shirya wanda zai tsaya maka a girbi. Afrilu zuwa Yuni zafi ne mai gumi wanda ko ɗan Sakkwato zai ji a jikinsa, kuma aikin yawanci ban-ruwa ne.

Kaya kaɗan za ka ɗauka: tufafin aiki masu saurin bushewa, takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, malfa, tocila, buta, dadduma, da littafin rubutu mai bango mai ƙarfi wanda za ka nannaɗe a leda. Kilishi, madara da zuma ka bar su a gida, domin a Sadhana ba a cin komai da ya fito daga dabba. Yaji da ƙuli-ƙuli za su taimake ka a makon farko. Ba giya, ba taba, ba ƙwaya, kuma da gaske suke.

Ana tashi da asuba, wanda ga mai sallah ba sabon abu ba ne. Aikin farko kafin rana ta ɗaga, sai karin kumallo, sai aiki na biyu har zuwa azahar. Aikin farko yawanci a daji ko lambu yake. Na biyu na gida ne: girki a murhun itace, yankan kayan miya, ɗiban ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, goge farantan sola, wanke-wanke da toka da ɓawon kwakwa, gyaran bukkoki, da kula da ban-ɗaki. Kowa yana zagayawa, likita da ɗalibi, mace da namiji. Wanda ya saba a kawo masa abinci ya tashi ya bar kwano, to a nan zai fara koyo.

Yanzu ga abin da ya kai ka. Abu na farko da za ka nace a koya maka shi ne gano layin da ƙasa ta daidaita a kan gangare. Kayan aikin ba sa cin ko sisi: sanduna biyu masu tsawo ɗaya a ɗaure kansu, ta uku a gicciye a tsakiya, sai igiya daga sama da dutse a ƙarshenta. Ka kafa ƙafafun a ƙasa, ka yi alama inda igiyar ta taɓa sandar gicciye. Ka juya shi, kowace ƙafa ta koma gurbin 'yar'uwarta, ka sake alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce daidai. Daga nan kana tafiya da shi a gicciyen gangare, ƙafa ɗaya a kafe kana juya ɗayar sama ko ƙasa har igiya ta faɗa kan alamar tsakiya, kana kafa turaku. Layin da turakun suka zana zai yi ta lanƙwasa, idonka zai ce maka ya karkace. Ka yarda da igiyar.

A kan wannan layi ake haƙa dogon rami, a tara ƙasar a bakin ramin ta ƙasan gangare ta zama kunya, a dasa itatuwa a kan kunyar. Ruwan da ya gangaro yana tsayawa a ramin ya nutse, maimakon ya tafi da ƙasa. Abin da sabon hannu ke mantawa shi ne mafita: dole a bar wani wuri mai faɗi, ƙasa kaɗan da sauran kunyar, a shimfiɗe shi da duwatsu, don in ramin ya cika ruwa ya malala a hankali. In babu shi, ruwa zai ɓalle kunyar a inda ta fi rauni, ya yanka sabon kwazazzabo da ya fi na da muni. Ranar da aka tafka ruwa, kada ka fake a bukka. Ka ɗauki malfa ka bi ruwan daga sama har ƙasa, ka ga inda yake gudu, inda yake tsayawa, inda ya yi ja da laka da inda ya fito garau. Awa ɗaya cikin wannan ruwa ta koya mini abin da zane a allo bai iya ba. Duk wanda ya san tassa da rabin-wata da manoman Illela da Badagishiri ke haƙawa a jihar Tawa zai gane dangantakar nan take, bambancin kawai girma da yawan ruwan da ake tarewa.

Na biyu, rufe ƙasa. A can ba a barin gindin shuka tsirara: ganye, ciyawa, rassan da aka sassare, duk a tara da kauri, a ɗan janye daga jikin karan don kada ya ruɓe. Gara za ta ci, kuma cin nata shi ke buɗe ƙofofi a marmara har ruwa ya shiga. Ga itacen da aka dasa sabo, suna binne gorar roba da igiyar auduga a gindinta, ruwa yana tsatsowa ta igiyar kai tsaye zuwa saiwa. Ka lura da zurfin da suke binne ta da yawan kwanakin da take ɗauka kafin ta ƙare, ka rubuta.

Na uku, taki. Tsibi ya kai aƙalla mita ɗaya tsawo da faɗi da tudu, busasshen abu ya fi ɗanye yawa, a jiƙa shi yadda in ka matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu zai fito. A bar shi kwana 4, sannan a riƙa juyawa bayan kowace kwana biyu, na waje ya koma ciki. Cikinsa ya kamata ya kai zafin digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe ƙwayar ciyawa da cuta. In wari ya tashi, ɗanye ko ruwa ya yi yawa. In ya ƙi zafi, ya bushe ko kashin dabba ya yi kaɗan. Ban-ɗakinsu ma taki ake yi da shi: ana raba fitsari da bayan-gida, a rufe da garin katako, a ajiye ya daɗe har ya koma ƙasa, sannan a kai gindin itatuwa. Wurin tsarki da ruwa a gefe yake, don haka butarka tana da aiki. Kafin ka tafi ka tambayi malaminka hukuncin taɓa irin wannan, ka ware tufafin aikin dabam da na sallah, ka sa safar hannu. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kai takin birni gona a kan jakuna, saboda haka tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Zama da mutane shi ne rabin da ba a faɗa maka. Bukkokin a buɗe suke, sirri kaɗan ne, kuma akwai taro a da'ira inda kowa ke faɗin abin da ke ransa. Wasu suna gaisuwa da runguma. Tun ranar farko ka faɗi iyakarka cikin fara'a, ka ɗora hannu a ƙirji, za su girmama. Ke ma 'yar'uwa haka, kuma ki nemi bukkar mata tun a wasiƙa. Auroville ba a kafa ta kan wani addini ba, ibada harkar mutum ce shi kaɗai, sai ka yi sallarka a masaukinka, ka sanar da mai raba aiki lokutanka. Alƙibla daga can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Juma'a kuwa akwai masallatai a Kottakuppam, garin Musulmi da ke bakin teku kusa da Puducherry, sai dai ka nemi keke ko babur, ka kuma shirya da wuri. Turanci ake yi a tsakanin baƙi, amma ma'aikatan Tamil na ƙauyukan kewaye su ne suka fi sanin ƙasar. Ka gaishe su da "vanakkam", ka tsaya kusa da su a wurin aiki. Darbejiya da zogale daga ƙasarsu suka zo mana, kuma za ka ga suna dafa 'ya'yan zogale dogaye a miya, abin da mu muke bari ya bushe a itace.

Kada ka cusa iri a jaka. Shigo da iri yana buƙatar izinin hukumar killace tsirrai, kuma itacen da ya gyara ƙasa a can yana iya zama annoba a nan. Abin da za ka riƙa rubutawa shi ne aikin kowane itace: wannan yana fara kama fako, wannan yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, wannan yana ba da ganyen rufi. In ka dawo sai ka nemo masu yin wannan aiki a cikin namu, gawo da bagaruwa da sabara da kalgo, waɗanda kututturansu na nan a gonaki suna tohowa, kamar yadda aikin Tony Rinaudo da manoman Maraɗi ya nuna tun daga 1983. Ka fara da yanki ɗaya a saman gangaren gonarka, ka ja layi ɗaya kafin Yuni, ka rage zurfin ramin in ƙasarka yashi ce domin bakinsa zai rufta, sannan ka auna danshi da sanda a sama da ƙasan kunyar bayan kowane ruwa har ƙarshen Satumba.