Yadda na kashe fitilar iskar taya a motata

Da sanyin hunturu ya shigo Kaduna, fitilar nan mai ruwan ɗorawa da alamar motsin rai a tsakiya ta fara kamawa a dashbod kullum da safe. Iskar taya na raguwa idan gari ya yi sanyi, kusan PSI 1 (ma'aunin iskar taya) a duk digiri 5 zuwa 6.

Na je wurin mai faci a Kawo tun taya ba ta ɗau zafi ba. Na ce, "Malam, kada ka buga da ƙarfe ka ji sauti, sa geji." Muka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, 32, ba wadda ke jikin taya ba, domin waccan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce.

Fitilar ba ta mutu ba. Idan na tada mota sai ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya a kunne. Wannan alamar na'urar da ke auna iska a cikin tayar ce ta samu matsala. Mai wayarin a Panteka ya jona kwamfuta, ya gano batirin na'urar tayar baya ta hagu ya mutu. Dama shekara 5 zuwa 10 suke yi, motar kuwa tokumbo ce. Ya sa sabuwa, ya yi mata rajista da kwamfutar motar, fitilar ta mutu tun kafin in bar wurin.